Yadda Ake Saita Ƙaramar Kyamara Don Ɗaukar Hoto a Ƙarƙashin Ruwan Dam da Kogi

Littafin da ke zuwa cikin kwalin kyamarar shiga ruwa, da mafi yawan bayanan da ake samu a intanet, domin masu nutso a teku aka rubuta su, inda ruwa yake shuɗi garai-garai har mutum ya hangi abin da ke nesa da shi da mita 20 ko fiye. Ruwan da muke da shi a karkarar Kano da Jigawa ba haka yake ba. Ko a dam ɗin Tiga ne, wanda aka kammala a 1974, ko na Challawa da ke Ƙaraye wanda aka gama a 1992, ko Watari a Bagwai, ko Thomas a Dambatta, ko Warwade kusa da Dutse, ko kuma fadamun Haɗeja, ruwan kore ne ko mai launin ƙasa, ɗauke da laka da gansakuka, kuma sau da yawa mai nutso ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa ko ninkinsa. Saboda haka duk saitin da za a ambata a nan manufarsa ɗaya ce, wato a rage yawan ruwan da ke tsakanin idon kyamara da abin da ake son ɗauka, sannan a yi amfani da ɗan hasken da ya rage yadda ya kamata.

Ƙananan kyamarorin da ake wannan aiki da su iri biyu ne. Akwai waɗanda ake shiga ruwa da su kai tsaye, kamar Olympus Tough TG-6 da ta fito a 2019 da magajiyarta OM System TG-7 ta 2023, waɗanda ke jure zurfin mita 15, ko mita 45 idan an saka su a gidan kariyarsu mai hana ruwa shiga, mai lamba PT-059. Akwai kuma irin su Sony RX100 da Canon G7 X, waɗanda ba sa jure ko yayyafi mai ƙarfi sai an rufe su cikin gidan kariya, amma farantin da ke karɓar haske a cikinsu ya fi girma, don haka sun fi haƙuri da duhu. Wannan bambanci na girman faranti shi ke sa lambobin da suka dace da ɗaya ba lallai su dace da ɗayar ba.

Ana fara saiti ne a gida, a cikin ɗaki mai inuwa, ba a bakin ruwa ba. A caja batir ya cika, a saka katin memori da babu komai a kansa, sannan a duba zoben robar da ke toshe ƙofar batir ko bakin gidan kariya a gaban haske mai kyau. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi guda ya isa ya buɗe wa ruwa hanya, kuma a lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, wannan dubawa ta fi kowane saiti muhimmanci. Zoben gidan kariya ana ciro shi a goge, a shafa masa ɗan man silikon da kamfanin ya bayar, iya wanda zai sa shi ƙyalli kawai. Kada a shafa basilin ko man kitso, domin suna lalata wasu nau'o'in roba. Sabon gidan kariya kuwa, a fara rufe shi babu kyamara, da 'yar takarda mai laushi a ciki, a danna shi ƙasan baho ko duro cike da ruwa na ɗan lokaci ana latsa madannansa. Idan takardar ta fito a bushe, sai a amince masa. A jefa ƙaramin ƙunshin sinadarin tsotse laima, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, a gefen da ba zai taɓa zoben ba. Dalili shi ne iskar da aka rufe a ciki da zafin rana, da zarar ta ji sanyin ruwa, sai ta yi gumi a jikin gilashi, hoton ya fito kamar an lulluɓe shi. A kan hanya da cikin kwale-kwale a rufe kyamarar da jiƙaƙƙen tawul, kada a bar ta a rana.

Saiti na farko a cikin kyamarar shi ne nau'in fayil. A zaɓi RAW tare da JPEG idan kyamarar tana da su. Fayil ɗin RAW yana adana duk abin da farantin ya gani kafin kyamara ta yanke hukunci a kan launi, saboda haka ana iya gyara koren ruwa daga baya a kwamfuta ko a waya ba tare da hoton ya lalace ba, alhali JPEG idan ya fito kore, gyaransa kaɗan ne. Sai a kashe zuƙowar dijital gaba ɗaya, a mayar da idon kyamara matakinsa mafi faɗi, a bar shi a nan. Akwai dalili na kimiyya a kan wannan. Haske yana karyewa idan ya ratso daga ruwa zuwa iskar da ke bayan shimfiɗaɗɗen gilashi, shi ya sa abu yake bayyana ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, faɗin abin da kyamara ke gani kuma ya ragu. Idon TG-6 da yake daidai da milimita 25 a tudu yakan koma kamar 33 a cikin ruwa, kuma idan wannan lamba ta ƙaru, faɗin gani raguwa yake yi. Wanda ya ƙara zuƙowa a kan haka ya tilasta wa kansa ja da baya, ya ƙara ruwa mai laka tsakaninsa da kifin, kuma ya rage hasken da ke shiga, tunda ƙofar hasken waɗannan kyamarori tana tsukewa yayin da ake zuƙowa. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida cewa kada nisan abin ɗauka ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na iyakar ganin mutum a ruwan. Idan ana ganin mita 2, to hoto mai kyau yana cikin rabin mita ne, wato kusan kamu ɗaya.

Abubuwa uku ne ke raba aikin haske a tsakaninsu: saurin ƙiftawar kyamara, da faɗin ƙofar haske da ake rubutawa da harafin f, da kuma lambar ISO, wadda ke nuna yadda farantin yake jin haske. A tudu ana iya barin kyamara ta zaɓa da kanta, amma a cikin ruwa mai duhu zaɓinta yakan zama rage saurin ƙiftawa zuwa 1/30 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, kuma a wannan sauri babu abin da zai fito tar, domin kifi yana motsi, ruwa yana kaɗa mai ɗauka, hannu ma yana rawa. Don haka da saurin ƙiftawa ake farawa. Ga dutse ko kututturen itace ko saiwar kachala da ba sa motsi, 1/125 ya isa. Ga karfasa da sauran kifaye masu zillo, a sa 1/250. Wanda kyamararsa ke da harafin S ko Tv a kan maballin juyawa, ya zaɓe shi ya kafa saurin da kansa. TG-6 da TG-7 suna ba da damar a shiga saitin ISO mai sarrafa kansa a faɗa wa kyamara mafi ƙarancin saurin da aka yarda ta sauka zuwa gare shi, kuma wannan saiti ɗaya ya fi duk sauran rage yawan hotuna masu dishi-dishi.

Ƙofar haske kuwa, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, haka daga f/4 zuwa f/5.6, kamar yadda yake raguwa da rabi daga 1/125 zuwa 1/250, kuma ninka ISO daga 200 zuwa 400 yana cike wannan giɓi. Wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai ruɗe a ƙarƙashin ruwa ba. Ƙananan kyamarori suna da wata fa'ida a nan, domin ko an buɗe ƙofar sosai, abin da ke gaba da abin da ke ɗan baya duk suna fitowa a fili. A kan TG-6, idan ana matakin faɗi, zaɓi uku ne kawai a ƙarƙashin harafin A na zaɓen ƙofar haske, wato f/2 da f/2.8 da f/8, kuma na ukun ba tsukewa ba ce ta gaskiya, wani gilashi ne mai duhu ke shiga ya rage haske, don haka ba ya ƙara komai ga fitowar hoto. Shi ya sa f/2.8 ne zaɓin yau da kullum, f/2 kuma idan an nutsa inda duhu ya yi yawa. A kan RX100 ko G7 X, f/4 ya fi dacewa da hasken rana, f/5.6 idan ruwan bai kai mita 2 ba kuma rana na tsaka. ISO a bar shi ya sarrafa kansa amma a kafa masa iyaka: 400 ga mai ƙaramin faranti, ko 800 idan babu makawa, 1600 kuma ga mai babban faranti. Abin da ya haura haka yakan cika hoton da tsaki-tsaki, ko da yake a ganina hoto mai ɗan tsaki wanda idon kifi ya fito tar a cikinsa ya fi hoto mai santsi da ya jirkice. Daga ƙarshe a nemi madannin da ke da alamar tarawa da ɗebewa a rage haske zuwa -0.3 ko -0.7, domin kyamara idan ta ga duhun ruwa takan ƙara haske fiye da kima, farin cikin karfasa da saman ruwa su ƙone su rasa zane.

Maganar launi ita ce inda littafin kamfani ya fi ɓatar da mutanenmu. Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya: ja ne ke fara tafiya, kusan ya ƙare a zurfin mita 5, sai ruwan lemo, sai rawaya, shuɗi ne ke daɗewa a ruwan teku mai tsabta. A ruwan dam da kogi kuwa, gansakuka da ruɓaɓɓen ganye da laka suna shanye shuɗin shi ma, sai a bar kore ko rawaya mai duhu. Alamar kifi da ke kan kyamara, wadda aka tanada don ƙarƙashin ruwa, an tsara ta ne musamman ta ƙara ja a kan shuɗi, shi ya sa a koren ruwa takan ba da wani launi mai kama da tsatsa. Haka jan gilashin da ake sayarwa don ɗaurawa a idon kyamara: na ruwan teku ne. Wanda ya dace da koren ruwa shi ne mai launin ja garwaye da shunayya, kuma shi ma yana cin haske, don haka ba na ba da shawararsa sai a ruwa mara zurfi da tsakar rana.

Hanyar da ta fi ita ce daidaita fari da hannu. A sami farin faifan roba mara ƙyalli, ko murfin bokitin fenti da aka goge da yashi, a huda shi a ɗaura a wuyan hannu. Idan an kai zurfin da za a yi aiki, a shiga wurin da aka rubuta WB, a zaɓi saitin da ake aunawa da kai, a riƙe faifan a nisan da abin ɗauka zai kasance, hasken sama yana sauka a kansa ba inuwar mutum ba, a danna. Daga nan kyamara ta san abin da ake kira fari a wannan ruwa da wannan zurfi, sauran launuka sai su bi. Ana sake aunawa duk lokacin da aka ƙara ko aka rage zurfi da mita 2 ko 3, ko gajimare ya rufe rana. Wannan aiki yana buƙatar latsa madanni da yawa, saboda haka a maimaita shi a tsakar gida har yatsu su haddace, musamman ga mai nutso da numfashinsa kawai, wanda daƙiƙoƙinsa a ƙasa ƙidayayyu ne. Idan abin ya gagara, a bar WB a kan sarrafa kansa, a ɗauki hoton faifan sau ɗaya a kowane zurfi, daga baya a yi amfani da shi wajen gyara fayilolin RAW. Sai dai a sani cewa daidaita fari ba ya dawo da jan da ya riga ya ƙare. Idan an wuce mita 8 zuwa 10, sai dai fitila.

Filashar da ke jikin kyamara a kashe ta, a tabbatar alamar walƙiyar da aka ja wa layi ce ke kan allo. Tana zaune ne dab da idon kyamara, don haka haskenta yana bugun kowace ƙwayar laka da ke gaba ya dawo kai tsaye, hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige, kamar yadda direba ke gani idan ya kunna babbar fitila cikin hazon hunturu. Wuri ɗaya ne take da amfani, wato ɗaukar ƙananan abubuwa a nisan da bai wuce taƙi ɗaya ba, da farin murfin da ke tausasa haske a gabanta. Wanda yake da hali ya sayi filasha ta daban ko tocilan ɗin nutso mai faɗin haske, ya ɗaura a kan hannun ƙarfe, ya nisanta ta daga idon kyamara zuwa gefe da ɗan sama, ya karkata ta waje kaɗan yadda gefen hasken ne zai taɓa kifin, ruwan da ke tsakani kuma ya zauna cikin duhu. Ko babbar filasha ba ta da tasiri bayan mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tunda haskenta tafiya biyu yake yi, zuwa da dawowa, kuma ja yana raguwa a duk tsawon tafiyar. Idan an kunna fitila, a cire saitin farin da aka auna da faifai a mayar da WB kan sarrafa kansa ko alamar filasha, a cire gilashi mai launi, in ba haka ba komai zai fito jajir. Da filasha ta daban a kan RX100 ko G7 X, wurin farawa mai kyau shi ne harafin M, inda ake saita komai da hannu, da 1/125, da f/5.6, da ISO 200 ga abu mai ɗan girma, f/8 zuwa f/11 kuma ga ƙanana. Saurin ƙiftawa ne ke duhunta ko haskaka ruwan baya, ƙarfin filasha kuma shi ke kula da abin da ke gaba.

Fokas, wato daidaita ido don abin ɗauka ya fito tar, yana wahalar da kyamara a ruwa mai laka, domin tana neman inda fari da baƙi suka haɗu ne ta kama. A zaɓi ɗigo ɗaya na tsakiya, a kashe neman fuska, a ɗora ɗigon a kan idon kifi ko bakin dutse, a danna madanni rabi har alamar ta koma kore, sannan a ƙarasa a hankali ba da fizga ba. A kunna ɗauka a jere don kifin da ke wucewa. A gaskiya, ɗaukar ƙananan abubuwa ita ce inda ruwanmu ya fi ba da sakamako, tunda a nisan santimita 5 ko 10 laka ba ta da wurin shiga tsakani. Alamar fure a kan yawancin kyamarori, ko alamar madubin likita a kan TG-6 wadda ke kama abu daga santimita 1, tana fito da zanen ɓawon kifi, da 'ya'yan karfasa a gindin ciyawa, da gashin bakin kurungu ko tarwaɗa da ta laɓe a ƙarƙashin kututture. Minjirya dai a ɗauke ta daga inda hannu ba zai taɓa ta ba.

Lokaci ma saiti ne, ko da yake ba a cikin kyamara yake ba. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana ne haske ya fi ratsa ruwa, saboda idan rana ta karkata, kaso mai yawa na haskenta yana komawa sama daga fuskar ruwa. Da damina ruwa yana gurɓacewa da jar ƙasar da koramu ke kawowa, sai bayan kaka idan ya kwanta ake samun gani, kuma gaɓa mai duwatsu ta fi mai taɓo tsabta nesa ba kusa ba. A sauka ƙasa da abin ɗauka a ɗaga kyamara sama kaɗan, rana tana bayan mai ɗauka idan launi yake so, ko tana gabansa idan inuwar kwale-kwale da masunci yake so a kan hasken saman ruwa, wanda a nan sai a rage haske zuwa -1 a ƙara sauri zuwa 1/500. Kada ƙafa ta taɓa ƙasa, kuma idan akwai gudu a ruwan a fuskanci inda yake fitowa, don lakar da aka tayar ta tafi baya.

Allon kyamara yana ɗauke hankali, kuma a ƙarƙashin ruwa wannan haɗari ne. Ba a nutso mutum ɗaya. Dole wani ya tsaya a sama yana kallo, wanda ya iya ruwa. Mai nutso da numfashinsa kada ya yi ta jan iska da sauri kafin ya nutse, domin hakan yana danne jin buƙatar numfashi har mutum ya suma ba tare da gargaɗi ba. Mai tukunyar iska kuwa ya zama ya samu horo, kada ya riƙe numfashi yana hawa don hoto ya tsaya, tunda kowane mita 10 na ruwa yana ƙara wa mai nutso nauyi daidai da na iskar sama, iskar huhu kuma tana kumbura yayin hawa. Ya hau a hankali, kada ya wuce mita 9 zuwa 10 a minti, ya tsaya minti 3 a mita 5, ya kuma tuna cewa Kano tana sama da teku da kusan mita 480, alhali duk nutson da aka yi a sama da mita 300 ana lissafa shi a matsayin nutson tudu, mai buƙatar gyaran jadawalin lissafin zurfi da lokaci ko saitin agogon nutso. A nisanci bakin mazurarar dam da ƙofofinsa, a riƙe wuƙa saboda tsofaffin taru da ƙugiyoyi da ke maƙale a itatuwan da ruwa ya cinye. Kafin a shiga, a gaida sarkin ruwa ko dattawan masunta a ce, "Ranka ya daɗe, ina ne ba a shiga?", domin su ne suka san inda rami yake da inda aka kafa mali, sannan a nemi izinin jami'an Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are idan kusa da ginin dam ɗin Tiga ko Challawa ne. Ba a juya kyamara wajen mashayar da mata da yara ke wanka ko wanki. Gaɓar da ciyawa ta yi yawa kuma ruwa ba ya gudu ita ce mazaunin katantanwar da ke yaɗa tsargiya, don haka ya fi kyau a shiga daga kwale-kwale a wuri mai zurfi, a goge jiki sosai da fitowa, wanda kuma ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je asibiti, akwai maganinta mai suna praziquantel.

Bayan an fito, kada a buɗe ƙofar batir ko gidan kariya a bakin ruwa. A jiƙa kyamarar a rufe cikin bokitin ruwan rijiya ko na famfo mai tsabta na kamar minti 10, ana latsa kowane madanni don lakar da ta shige ƙarƙashinsa ta fita, a tsane ta da ƙyalle mai laushi, a bar ta ta bushe a inuwa, sannan a buɗe da ƙofar tana kallon ƙasa don ɗigon da ya rage a bakin zobe ya faɗi waje. A duba hotunan a babban allo tare da lambobin da kyamara ta rubuta a jikin kowanne: wanda ya jirkice gaba ɗaya yana neman ƙarin saurin ƙiftawa, wanda ya yi fari-fari babu armashi an ɗauke shi daga nesa, mai ɗige-ɗige kuma matsayin fitila ne za a gyara a nutso na gaba.